Injin Markaɗe da Taɓarya Biyu

Shahuci, cikin Birni,
Kano.

Zuwa ga Yayarsu Habu,

Assalamu alaikum. Ina fata takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya sa tafiyar da ke gabanku ta alheri ce, ya kai ku Abuja lafiya, ya sa albarka a aikin da aka ba shi da asibitin da aka mayar da ke. Tun da soja suka sauka aka miƙa wa farar hula mulki, duk gidan da mutum ya leƙa a unguwar nan sai ya ji an ce wane ya koma Abuja. Ni kuwa ina ta yawon taya mutane murna, ban san abin zai biyo ta ƙofata ba.

Za ki yi mamakin takarda daga Shahuci zuwa Ƙofar Ɗan Agundi, tafiyar da ko ƙaninki Habu da lalacinsa a ƙafa yake yin ta. Babanku ma ya yi mamaki. Ya gan ni da biro da tabarau, ya tambaya ko koyarwar zan koma bayan ritaya. Na ce masa maganar mata ce, ya wuce abinsa. Dalilin dai kin san shi: ke ce 'yar fari. A gidan da na tashi da gidan da aka kawo ni, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama ta yi hira da shi, ba ta yabonsa mutane na ji. Tun da aka yaye ki aka kai ki ɗakin Hajiya kakarki, Allah ya jiƙanta, na koma yi miki magana ta bakin wasu. A ce wa yarinyar nan ta zo, a tambayi yarinyar nan ko ta ci abinci. Yanzu ma da na ɗora biro zan rubuta sunanki a saman takardar nan, hannuna ƙi ya yi. Amma akwai maganar da ba na so ki bar Kano ba ki ji ta ba, kuma na san kaina. Idan kika zauna a gabana, abin da zai fito daga bakina bai wuce in tambaya ko an ɗaure kaya da kyau ba.

Ranar Lahadin da na zo taya ku haɗa kaya na ga sabon injin girkin da maigidanki ya sayo miki a Sabon Gari. Ma sha Allah, nawa ko kusa bai kama ƙafarsa ba. Ga tulun markaɗe, ga ƙaramin kofin niƙa yaji, ga kwanon kwaɓi da bugu, ga wani faifai mai haƙora da ke yanka kabeji da karas kafin mutum ya gama bismilla. Na ji daɗi ƙwarai, domin na san abin da ke jiran ki a can. Za ki fito daga asibiti ƙafa a kumbure, yara sun dawo makaranta da yunwa, babu ƙanwa babu maƙwabciyar da za ta ɗora miki sanwa. Ga mace mai aiki irinki, inji irin wannan rahama ne.

Ina zaune a tsakar gida ina ninke zannuwa, ke kina kicin kina gwada shi, sai na ga babbar 'yarki Ummi ta jawo kujera 'yar tsugunno ta hau don ta leƙa. Ba ki ko juyo ba kika ce mata, "Sauka ki je ki yi karatu, ba a buƙatar kowa a nan." Ta sauka, ta zo ta zauna kusa da ni tana tura baki. Na tsokane ta, na ce ashe an kori takwarata daga ofis. Sai ta ce mini ai ba komai, Mama ta gaya mata ita ma haka Umma ta taɓa ce mata. Zani ɗaya na yi ta ninkewa ina warwarewa har aka kira la'asar.

Ashe kin riƙe maganar nan. Ni ma na riƙe ta. Za mu zo kanta, amma bari in biyo ta hanyar da na fi sani, wato ta kicin.

Nawa injin Babanku ne ya zo da shi daga Makka shekarar da ya sauke farali, zamanin farar hular da ta gabaci wannan, kina ƙarshen firamare. Matan unguwa an kawo musu sarƙa da darduma, ni aka sauke mini kwali. Ban ji haushi ba, don lokacin ina koyarwa, sai bayan azahar nake shigowa gida in tarar da aiki ya yi mini sallama tun daga soro. Ranar Juma'a aka buɗe kwalin a rumfa, inda soket yake. Hajiya ta shimfiɗa tabarma, maƙwabta suka cika gidan kamar ana suna. Akwai ɗan littafin bayani a ciki, Turanci da Larabci, amma ni Malama guda, in tsaya ina karanta yadda ake markaɗa tumatir a gaban matan unguwa? Na ture shi gefe. Na cika tulun har baki da tumatir da attaruhu da albasa, na ɗora murfin ban murɗa shi ba.

Ke kina bakin ƙofa, kin ɗauki littafin kina dubawa. A hankali kika ce, "Umma, murfin." Na ji ki sarai. Amma ga Hajiya ga mutane, idan na juyo na amsa miki, za a ce Malama ta fara hira da 'yar fari. Na yi kamar ban ji ba. Daidai lokacin Babanku ya shigo cikin farar babbar riga da aka karɓo daga wurin masu bugu, zai tafi masallaci, ya sunkuya don ya ga tsarabarsa tana aiki. Na danna.

Sauran kin gani da idonki. Har azarar rumfa sai da ta sha miya. Babanku ya tafi Juma'a da tsohuwar riga, idanu jajur saboda attaruhu, har wani abokin kasuwarsa ya ce masa lallai huɗubar yau ta ratsa Alhaji. Hajiya ta ce abin nan da aljanu a cikinsa, ba za ta ƙara cin miyar gidan nan ba, alkawarin da bai kai magariba ba. Da mutane suka watse, ke kika ɗebo ruwa da tsumma kika zo muka goge bango tare. Ba ki ce ai na faɗa ba, ni ma ban ce kin yi gaskiya ba.

Saboda haka ki karanta littafin naki tun kafin ki jona shi, ba a gaban kowa za ki yi ba balle ki ji nauyi. Kada ki cika tulu har baki, kada ki zuba abu da zafinsa, ki ɗora tafin hannu a kan murfi ko da kin murɗa shi. Idan an ɗauke wuta ki zare shi daga bango, domin dawowarta ta fi tafiyarta ɓarna. Kuma idan yaro ya yi miki magana a kicin, ki juyo ki dube shi, ko da gidan cike yake da baƙi.

Kuskurena na biyu na rashin iya cewa a'a ne. Da labarin injin ya zaga Shahuci, gidanmu ya koma gidan markaɗe. Ina dawowa daga makaranta zan tarar da kwanuka a jere a rumfa, wannan wake, wancan gyaɗa, kowanne da saƙon gaisuwa. Ban taɓa mayar da kowa ba. Wata rana maƙwabciyarmu Ladi, mai haɗa turaren wuta, za ta aurar da 'yarta, ta shigo da kanta da ƙulli a hannu. Kajiji ne da sandal da farce, ta ce turmi ya gagare su, ko injin Makka zai taimaka. Zuciyata ta ce kada ki yarda, bakina ya ce ai ba komai. Na niƙa mata a ƙaramin kofin yaji. Da ta tafi na wanke shi da sabulu, na wanke da ruwan zafi, na dirje da toka, na ce shi ke nan.

Washegari na niƙa citta da masoro a ciki na kaɗa miyar kuka. Tun tana kan wuta na sha jinin jikina, don kicin ɗin ƙamshin ɗakin amarya yake. Na dai daure na zuba. Babanku ya yi loma ɗaya, ya yi ta biyu, ya tsame hannu. Ya kira ni a hankali ya tambaya, miyar nan ci zai yi ko rigarsa zai baza a kanta. Habu yana ƙarami lokacin, ya ce shi ba zai ci turare ba, gara a ba shi gari da ƙuli. Mun daɗe a haka. Duk abin da ya shiga kofin nan sai ya fito yana ƙamshin biki, sai da na jiƙa shi da lemon tsami na yi ta shanya shi a rana kafin ya dawo hayyacinsa. Wuƙar cikinsa kuwa ba ta ƙara kaifi irin na da ba.

To kofin yaji ya tsaya a yaji. Ki koyi cewa ba zai iya ba da sakin fuska, babu wanda zumuncinsa zai yanke a kan haka, Ladi ma da na faɗa mata daga baya dariya ta yi har da hawaye. Sai dai kada ki ɗauki maganata ki wuce da ita gona da iri. An ce mini a Abuja mutane a gidan sama suke zama, ƙofa na kallon ƙofa, amma ba wanda ya san sunan wani. Inji yana ƙara wa mutum irin wannan halin, don yana sa ki ga kamar kin wadatu da kowa. Ranar da kika soya ƙosai ki zuba a faranti ki aika ƙofar da ke kallon taku, ko wace ƙabila ce, ko wane addini. Akwai ranar da za ki kasance a bakin aiki zazzaɓi ya kama yaro a gida, ranar mutum za ki nema.

Tun da muna kan ƙosai, kwanon bugun nan shi ne abin da na fi yi miki murna da shi. Ƙullun da za ki buga har kafaɗa ta riƙe, shi kafin mai ya yi zafi ya tashe shi. Alale ma haka, kunun gyaɗa ma haka. Ranar hutunki ki markaɗa kayan miya da yawa, ki tafasa har ruwan ya tsotse, ki soya da mai sosai ki ajiye. Ko firji ya kwana ba wuta ba zai yi tsami da wuri ba, kuma duk ranar da kika dawo a gajiye rabin girki ya riga ya ƙare. Amma kada ki kuskura ki dama fura a cikinsa. Na gwada, ta fito sumul ba gaya ko ɗaya, Hajiya ta kurɓa ta tambaya wa ba shi da lafiya a gidan. Fura ƙwarya da ludayi take so. Daddawa kuma shafewa take yi a jikin kofi, ƙuli ya fitar da mai ya cure, sakwara kuwa kada ma ki fara.

Na san kin iya duk wannan. Hajiya ta koya miki, kuma waɗanda suka ci abincin gidanki sun ba ni labari, ina jin su ina kawar da kai kamar ba da ni ake ba. Ina faɗa ne kawai don ban taɓa faɗa miki ba. Ƙannenki mata kowacce na tsaya a kanta na nuna mata yawan kanwar da ake sa wa ɗanwake. Ke ban taɓa ba, kuma abin yana cina.

Yanzu ga maganar da ta sa na ɗauki biro.

Kafin injin nan ya shigo gidanmu, kin tuna abin da muke yi bayan la'asar. Hajiya ta ce yarinya ba ta tashi ba ta iya daka ba, saboda haka kullum sai ta turo ki da 'yar taɓaryarki. A fito da turmi ƙarƙashin darbejiya, ni a wannan gefe ke a wancan. Surfen gero, dakan jajjage, garin kunu. Babu mai cewa komai don an ga uwa da 'yar fari a kan turmi ɗaya, ai aiki ne. A duk faɗin gidan nan, nan ne kaɗai wurin da aka yarda in tsaya kusa da ke har in daɗe.

Taɓarya biyu a turmi ɗaya ba ta yiwuwa sai kowa yana lura da ɗan'uwansa, tawa na sauka taki na tashi. To a nan nake kallon ki ba tare da an ce ina kallon ki ba. Idan na ga numfashinki ya sauya sai in rage sauri. Idan na ji taɓaryarki tana sauka da ƙarfi, na san an ɓata miki rai a makaranta, sai in ƙara gero don ki huce a kansa. A bakin turmin nan na ga tsawonki yana ƙaruwa, har kafaɗarki ta kusa tawa. Ranar da kika fara cilla taɓarya sama kika tafa kika cafe, yadda kika ga ina yi, daɗi ya kusa kashe ni. Abin da na iya yi shi ne na juya wajen Hajiya na ce yarinyar nan za ta fasa wa mutane kai. Ana tashi daga makaranta nake kama hanya, ko hirar malamai ba na tsayawa. Shugabarmu har tsokana ta take, wai tsoron Alhaji ne ke sa ni sauri. Ba Alhaji ba ne, la'asar nake yi wa sauri.

Sai ga inji ya zo. Jajjage ya koma tulu, gero kuma aka fara kai shi injin niƙa na bakin titi. Ga jarrabawar shiga sakandare ta matso, ga tafin hannunki duk kanta. Ni karatuna a takardar shaidar koyarwa ya tsaya, kuma na ci burin naki ya wuce nan. Rannan bayan la'asar kika fito da taɓaryarki kamar kullum kika tsaya a bakin rumfa. Ina gaban inji, ban juyo ba, bango na kalla na ce, "A je a yi karatu, ba a buƙatar kowa a nan." Kika ɗan tsaya. Sannan kika jingine taɓaryar a jikin bango a hankali, don kada ta faɗi, kika koma ɗakin Hajiya.

Ranar har yaba wa kaina na yi. A zuciyata cewa nake ina son ki, ina so ki zama wani abu, na ɗauke miki wahala. Amma uwa ba ta faɗa wa 'yar fari rabin farko na irin wannan magana, saboda haka rabin ƙarshen ne kawai ya fito, shi ma a murɗe. Washegari ba ki fito ba, jibi ma haka. Ni kuma na riƙa gama girki da wuri, in wanke tulu in kife, in zauna a rumfa da hannuwa a cinya. Lokacin da na yi ta kukan ba ni da shi, ga shi ya samu, na rasa abin da zan yi da shi. Ina jiyo muryarki daga ɗakin Hajiya kina bitar darasi, tsakanina da ke tsakar gida ce kawai, amma ba ni da wani dalilin da zan kira ki da shi.

Kika ci jarrabawa kika tafi makarantar kwana. Na ce idan an yi hutu zan fito da turmi in ce injin ya lalace. Hutu ya zo, nauyi ya hana ni. Daga nan sai makarantar jinya, daga nan sai aure. Ƙannenki kuwa suna shigowa kicin yadda suka ga dama, suna zuba mini surutu, ina kiran sunayensu ina yi musu faɗa ina dariya. Kina wucewa kina gani. Na san kina gani.

Ban yi nadamar karatunki ba ko na rana ɗaya. Idan mace ta tare ni a gidan biki ta ce 'yar gidan Malama ce ta karɓi haihuwarta, ina cewa Allah sarki in sauya zance, amma ranar ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Abin da na gane a makare shi ne ba sai na zaɓi ɗaya ba. Da na bar miki ko dakan daddawa ne, da karatun bai ragu da komai ba. Tun ranar Lahadi nake juya maganar Ummi, na ga ashe shekara da shekaru kina ɗauke da cewa na kore ki ne don ba na son tsayuwarki kusa da ni.

To ki ji yau. Ana buƙatar ki. An buƙace ki a ranar, an buƙace ki kowace la'asar da ta biyo baya. Na yi kewar ki kina gidan nan, na yi kewar ki kina Ɗan Agundi inda ko ba na zuwa na san iskar da ta taɓa ni ta taɓa ki. Yanzu ban san yadda zan yi da ta Abuja ba.

Ba cewa nake ki yar da kunya ba. Da ita aka raine mu, kuma tana da kyanta. Ke ma na ga bakinki a ɗaure yake har sau biyu a kan Ummi, ga ta 'yar fari ga ta da sunana. Amma ki duba bambancin. Ke da na ce a je, kina da inda za ki. Akwai ɗakin Hajiya, akwai cinyar da za ki ɗora kai, akwai mai kiran sunanki da ƙarfi har a ji a soro. Ummi ma zuwa yau tana da ni, idan kin kore ta wurina take zuwa ta kawo ƙararki mu yi gulmarki mu sha fura. A Abuja idan kika ce mata ta je, ɗaki za ta shiga ta rufe ƙofa. Yarinyar nan shiru-shiru ce irinki, ba za ta yi ƙorafi ba. Za ta jingine abin da ke hannunta ne ta tafi, ke kuma ki ɗauka ta fahimta.

Saboda haka lokacin da injin nan zai rage miki, kada ki mayar da shi duka ga asibiti da guga. Ki ba ta wani abu daga ciki. Ta wanke tumatir, ta riƙe murfi, ta danna da kanta. Za ta ɓata miki lokaci, za ta zubar da ƙullu, wata rana ma ta fasa miki wani abu. Ki bar ta. Ba sai kin yi mata hira ba idan bakinki ya ƙi, tsayuwar ma ta isa. Karatun kuma ba inda za shi, ta yi shi bayan an sauke tukunya.

Na sa an sassaƙo mini ƙaramin turmi, na je kasuwar Kurmi da kaina na zaɓo taɓarya biyu, babba da ƙarama. Habu zai kawo muku ranar Juma'a tare da daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa da yajin da na daka. Na san maigidanki zai ce mota ta cika, ki ce masa saƙon surukarsa ne, ba zai iya musu ba. Idan a sama aka ba ku gida, ki ninka buhu ki sa a ƙarƙashin turmin saboda mutanen ƙasa. Ba kullum ba, ko ranar hutu ce. Daddawa dai dole a daka ta, kin ga kin samu dalilin da ni na rasa.

Kada ki ba ni amsar takardar nan, kuma idan mun haɗu kada ki ɗauko zancenta, don ban san inda zan sa idona ba. Ki karanta ki ajiye. In kin ga dama wata rana, idan Ummi ta yi hankali, ki ba ta.

Habu ya ce ranar Asabar da safe motarku za ta biyo ta nan ku yi sallama. Bari in gaya miki yadda za a yi tun yanzu, don kada ki sake ɗaukar wani abu ki tafi da shi. Babanku zai fito soro ya yi muku addu'a mai tsawo. Ƙannenki za su rungume ki, Ladi za ta yi kukan da ya fi na kowa. Ke za ki shigo ki durƙusa a bakin ƙofata. Ni zan jawo Ummi in yi ta tsokanar ta, in ce Allah ya kiyaye hanya ina kallon tabarma. Ba zan rako ki soro ba. Matan unguwa za su ce kai, Malama akwai dauriya.

Kina juya baya zan shiga rumfa in kunna tsohon injina. Har yanzu yana aiki, sai dai tsufa ya sa ƙararsa tana kaiwa har bakin lungu. Idan kin jiyo shi kafin ki shiga mota, ki sani ruwa ne kawai a cikin tulun. Na kunna ne don kada a ji ni.

Allah ya kai ku lafiya, ya tsare ku daga sharrin hanya da sharrin baƙon wuri. Allah ya haɗa ku da maƙwabta na gari, ya sa albarka a tukunyarki da hannunki, ya raya miki Ummi da ƙannenta. Allah ya yi miki albarka, na yafe miki duniya da lahira, ko da yake ban san abin da kika taɓa yi mini ba. Ke ma ki yafe mini. Kuma ki taya ni da addu'a guda ɗaya, kada a ɗauke wuta ranar Asabar da safe.

Wassalam.

Mahaifiyarki,
Umma